Kwana Huɗu a Bakin Karaɗuwa

Dutsin-Ma,
Laraba, 30 ga Agusta, 1961.

Zuwa ga Zinariya, farin bado na tsakiyar tafki, inuwar gamji ga wanda rana ta gasa a hanya, ruwan farko da ke sauka kan busasshiyar ƙasa har ƙamshinta ya cika gari! Aminci ya tabbata gare ki, ya ke sanyin idona, ya ke wadda sunanta kaɗai ke sa in ji ƙafata ta yi sauƙi a kan feda ko da hawa nake yi. Ina gaishe ki gaisuwar mai laifi, ina kuma gaishe ki gaisuwar mai ƙauna, don yau duka biyun ni ne.

Da ajami na rubuta maki, ko da yake hannuna ya fi sabawa da boko, domin ki karanta da idonki kamar yadda marigayi mahaifinki ya koya maki, kada wani ya shiga tsakanin bakina da kunnenki. Gwaggo Turai ce za ta kawo maki ita. Ki zauna kafin ki ci gaba, Zinariya, akwai magana mai nauyi a ciki.

Shekaranjiya Litinin na tsaya a ƙofar gidan Baffanki a Kurfi, laka ta bushe mani har gwiwa, kacar kekena tana kuka don rashin mai. Ba ki fito ba. Gwaggo Turai ta fito da saƙonki, ta faɗa mani shi kanta a ƙasa: “Ta ce ta gode wa Allah da ya maido ka da rai. Ta ce abin nan da take tsoro ta ɗanɗana shi kwana uku, ba ta ci ba, ba ta runtsa ba, kuma ba za ta iya mayar da shi abincinta na kullum ba. Ta ce ka yi haƙuri, Malam Rabe.” Wayyo ni! Da zagina kika aiko a yi, da na fi jin sauƙi. Me zan ce wa wadda ta gode wa Allah saboda ni, sa'an nan ta rufe mani ƙofa? Na juya kan keke na kamo hanyar Dutsin-Ma, ban san sa'ad da na wuce Rawayau ba.

Kin tuna ranar da na fara ganin ki? Bara ne, da kaka. Ƙaya ta huda mani taya daidai gindin ɗorawar da ke gefen gidanku. Na fid da tif, na hura, na kasa gane inda iska ke fita. Na yi sallama ina neman ruwa, kika fito da ƙwarya cike. Kin zaci sha zan yi, sai kika ga na tsoma roba a ciki, kika rufe baki da gefen mayafi kina dariya. Ina ta juya tif, ido ya ƙi gani, ke kuwa kika nuna da ɗan yatsa kika ce, “Ga shi nan, Malam, yana numfashi.” Na duba, ga 'yan kumfa suna tasowa ɗaya bayan ɗaya. Na ɗaga kai in gode maki, sai na manta da godiyar. Wace irin fuska ce wannan, mai kama da wata a daren sha huɗu amma da gajimaren baƙin ciki a gefenta? Na yi facin nan a hankali kamar mai ɗinkin rigar biki, don kawai kada in gama.

Daga baya na san ke bazawara ce, shekara biyar ke nan ruwan Karaɗuwa ya ci mijinki Mahmuda, Allah ya jiƙansa. Kuma ranar da na fito maki da abin da ke raina, bayan la'asar, kina zaune bakin tabarma kina murza zare, ba ki ɓoye mani ba. Kika ce, “Malam, ban ƙi ka ba. Amma kai malamin gona ne, aikinka yawon fadama, kuma fadamar tana hayin ruwan nan. Ni na taɓa zaman jiran mai ƙetare ruwa.” Sa'an nan kika ƙara da abin da na tabbata ba ki taɓa faɗa wa kowa ba: “Ni na aika masa ya zo maza. Zazzaɓi ne ya kama ni na tsorata. Kwana uku na warke, shi kuwa bai iso ba. Da ban aika ba, da bai shiga ruwan ba.” Tun daga ranar nake ɗauke da maganar nan kamar garwashi a tafin hannu. Wata goma na yi ina rarrashi kafin ki yarda a sa rana in zo da magabatana gaban Baffanki. Ni da bakina na ce Juma'a, bayan an sauko daga masallaci. Ni da bakina, a tsakiyar marka, laifina na farko ke nan! Wane irin wawa ne ke yanka rana da ruwan sama alhali yana hayin kogi?

Bari in ba ki labarin tafiyar, ya hasken zuciyata, don ki san inda na kwana da abin da ya tsare ni.

Na bar Dutsin-Ma ranar Asabar da sassafe, in duba irin shinkafar da muka raba wa manoman fadama. A kan kariya na ɗaure tabarma, da buta, da famfo, da littafin rangadi cikin fata don kada ya jiƙe. Sa'ad da na ƙetare kogin zuwa kudu, ruwan bai wuce cinya ba. Na saɓa keke a kafaɗa na wuce ina waƙa.

Zinariya, da kin ga ƙasar nan! Na san kin tsane ta, kuma ina jin kunyar in ce maki ina son ta, amma ƙarya ba ta dace da wasiƙar nan ba. A can ruwa ba ya bin hanya guda. Yana rarrabuwa kamar yatsun hannu, wannan reshe ya shiga cikin burugu ya ɓace, wancan ya zagaye giginyu uku ya dawo, wani ya kwanta ya zama tafki, bado ya rufe shi fari fat. Hanyar keke kuwa tana bin 'yar ganuwar da ke tsakanin gonakin shinkafa, faɗinta bai fi taki guda ba, ruwa dama, ruwa hagu, sama a ƙasa, sama a bisa, har mutum ya rasa ko tuƙi yake yi ko tashi. In na kaɗa ƙararrawa, belbelu su tashi gaba ɗaya kamar an shanya farin ƙyalle a iska. Zalɓe shi kaɗai ba ya kula ni, yana tsaye da ƙafa ɗaya kamar tsohon alƙali. Da hantsi na ga gauraka biyu suna tafiya tare cikin ruwa, ɗaya ba ya ɗaga ƙafa sai ɗaya ya sauke tasa. Na taka birki na tsaya ina kallon su har rana ta ƙona mani wuya. Wa kike zato na gani a jikin ta hagun, mai tafiyar nan a natse, mai ɗauke da kai kamar an ɗora mata abin da bai kamata ya zube ba?

Ba duka daɗi ba ne. Akwai inda laka take cushe ƙarƙashin madgadi har taya ta ƙi juyawa, sai in sauka in nemi tsinke in yi ta ƙwaƙula. Akwai inda ni ke ɗaukar keken, ba shi ke ɗauka ta ba. Matsattsaku sun sha jinina, sauro ya sha ragowar. Amma a kowane ƙauye sai an tare ni da fura, manomi ya ja ni da hannu zuwa gonarsa ya ce, “Malam, zo ka ga yadda ta yi!” In ga shinkafa kore shar tana kaɗawa, in ga mutum mai 'ya'ya tara yana murmushi da cikinsa duka. A tudu kuma gero ya fid da kai, bununi na zuba mani a riga in na ratsa. Kwana biyar na yi haka, kuma kowace safiya in ce wa kaina, saura kaza in ga Zinariya.

Daren Laraba aka fara ruwa. Aka wayi gari ana yi. Ranar Alhamis da azahar na iso mashigin, ina tura keke, sai na ji kogin kafin in gan shi. Ruri yake yi kamar garken shanu a guje. Inda na ƙetare da ruwa iya cinya, yanzu ja ne wur, ya haɗiye gaɓa, ya haɗiye rabin kanyar da ke bakinsa. Mai fito a wurin wani dattijo ne sunansa Ilu, gajere, mai faɗin ƙirji. Aikinsa mutum ya rungumi babbar gora, shi kuma ya yi iyo yana tura shi har hayi. Na same shi ya rataye gorarsa a reshe. Ya ce, “Yau babu, Malam. Gobe ma sai abin da Allah ya yi.”

Ga laifina na biyu, kuma shi ya fi girma. Ranar Juma'a da safe na naɗe rigata a ka, na ɗora keke a kafaɗa, na shiga. Na shiga, Zinariya! Ina tunanin Baffanki ya sa an share zaure, an shimfiɗa tabarmi, dattawa za su zauna suna duban hanya. Ina tunanin za a ce malamin gona ya yi wasa da 'yar mutane. Ruwa ya kai mani gwiwa, ya kai ƙugu, yashi yana zamewa ƙarƙashin ƙafata kamar ana jan tabarma. Wata itaciya sukutum da saiwoyinta ta wuce gabana tana juyi. Sai na ji muryar Ilu daga baya, bai ko ɗaga ta sosai ba: “Malam, in ka ƙara taki ɗaya ba ni bin ka. Wadda ke jiran ka ɗin nan, kai ta ce ka zo, ko gawarka?”

Na tsaya. Na ga fuskarki a kan ruwan nan, irin wadda kika yi ranar da kike murza zare. Na ga Gwaggo Turai tana shigowa ɗakinki da labarin da aka taɓa kawo maki sau ɗaya. Ashe ni da nake cewa ina son ki, na zo in sake yanka ki daidai kan tabon? Na juyo. Na fito, na jingine keke a gindin wata kanya da ke kan tudu, na zauna na yi kuka kamar ba namiji ba, ban san ko na kunya ba ne ko na takaici. Da lokacin salla ya yi na yi ta azahar ni da Ilu a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ina sane da cewa a daidai lokacin ana ta ɗaga labulen zaurenku ana duba hanya. Babu mai ƙetarewa da zan ba saƙo. Tsuntsu kaɗai ke wucewa, kuma ban iya harshensa ba.

Yanzu ga maganar da na ce ki zauna dominta.

Ranar Asabar muna zaune, Ilu yana gyaran igiyar gorarsa, ya tambaye ni wace ce ta kusa kashe ni. Na ce wata ce a Kurfi, ruwan nan ma shi ya ci mijinta shekara biyar da suka wuce. Hannunsa ya tsaya. Ya ce, “Mai jakin nan, dogo, mai tabo a gira?” Na ce sunansa Mahmuda. Ya kalli ruwa, sa'an nan ya ce:

“Nan inda kake zaune ya zauna. Kwana biyu. An kawo masa saƙo matarsa ba lafiya, ya kasa cin abinci, amma ya ƙi shiga. Ya ce mani, in ruwa ya tafi da ni wa zai yi jinyar ta? Rana ta uku ruwa ya ja baya, na fara fito. Yana tsaye yana jiran a zo kansa. Ina tsakiya da wata Bafillatana mai goyo, zanenta ya kwance, ɗiyar ta sulluɓe cikin ruwa. Ni hannuna na riƙe da uwar, in na sake ta ita ma ta tafi. Sai na ji tsulum. Shi ne. Ya cim ma ɗiyar, ya ɗaga ta sama da hannu ɗaya, ya kai ta har reshen marken can inda mutane suka miƙo hannu suka karɓa. Shi kuma hannunsa ya kuɓuce.”

Na ce don me bai aika an faɗa wa iyalinsa ba? Ya ce fataken da suka kai labari ba su ga abin da ya faru ba, gawa kawai suka gani bayan kwana biyu, shi kuma bai san garin mutumin ba, kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye shi.

Kin ji, ya farar kurciyata? Kin ji? Ba saƙonki ya jefa shi ruwa ba. Saƙonki ma shi ya zaunar da shi kwana biyu a bakin gaɓa, don yana so ya iso gare ki da rai. Shekara biyar kina ɗauke da dutsen da ba naki ba! Wa ya ga dararen da kika yi kina tuhumar kanki? Wa zai biya ki hawayen nan? Ki sauke shi, Zinariya, don girman Allah ki sauke shi.

Ban tsaya a kan maganar mutum ɗaya ba. Ranar Lahadi ruwa bai sauka ba, sai na hau keke na bi kwatancen Ilu zuwa wata ruga da ke kan tudu, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Na ga yarinyar da idona. Hasana sunanta, shekararta shida, haƙoranta biyu na gaba sun faɗi, tana kora maruƙa da sandar da ta fi ta tsawo. Da ta ga keke ta gudu ta ɓuya bayan uwarta, daga baya ta dawo tana taɓa ƙararrawa tana tsalle. Uwar ba ta san sunansa ba. Duk shekarun nan “mai jaki” take cewa in tana yi masa addu'a. Da na ce mata Mahmuda, ta maimaita shi sau uku, ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. Ta tambaya ko ya bar iyali. Na ce ya bar mata. Ta ce, “Ka roƙar mani ita, in ruwa ya ɗauke in kawo mata yarinyar ta gani, in ba za ta ji zafin ganin mu ba.” Ban amsa mata ba, don amsar taki ce.

Litinin da safe ruwa ya ja, Ilu ya tura ni, ya koma ya turo keken a kan gora biyu. Ban tsaya gida ba, ban sauya riga ba, na miƙe Kurfi. Na so in faɗa maki duk wannan a ranar, amma ba magana ce da za a miƙa ta ƙofar zaure a bakin ɗan aike ba.

To, me zan alkawarta maki? Na kwana biyu ina auna shi, don ba na so in ba ki alkawarin da zai narke da damina ta gaba. Ba zan ce zan bar fadama ba. Akwai gidaje masu yawa da ke jiran irin da nake kai masu, kuma in na bar su don in same ki, mutumin da za ki aura ba shi ne wanda kika sani ba. Jiya na roƙi babbanmu a wurin aiki a mayar da rangadin hayin kogi kafin marka da bayanta. Ya ce zai duba. Ban san abin da dubawar za ta haifar ba, ba kuma zan yi maki ado da ita ba. Abin da ke hannuna shi zan ba ki: ba zan ƙara yanka maki rana ba matuƙar akwai ruwa tsakanina da ke, kuma ba zan ƙara sa ƙafa a kogin da mai fito ya rataye gorarsa ba, ko da duniya duka za ta kira ni matsoraci, ko da zan yi wata guda a gindin kanya. In na yi jinkiri, ki sani a zaune nake, ina duban arewa.

Akwai kuma abin da ba zan iya rantse maki a kai ba, kuma gara ki ji shi daga gare ni. In wata rana na ga ɗiyar wani tana tafiya a ruwa, ban san abin da ƙafata za ta yi ba. Ina fata in zama rabin mutumin da kika rasa. Kin ga ke nan ban zo da maganin tsoronki duka ba. Na zo da kaina ne kawai, da ƙaunar da ta fi tafkunan can zurfi, ta fi giginya tsayuwa, wadda rani ba ya ƙafar da ita.

Ya ke zumar da ke cikin kogon dutse, ya ke iskar asuba bayan daren zafi, ashe haka za mu ƙare, ke a Kurfi da tsoronki, ni a nan da kewata, alhali tsakaninmu babu ko rafi? Ashe ba za ki bar ni in ɗauki gefe ɗaya na kayan nan ba? Ban ce ki daina tsoro ba. Na ce ki ji tsoron a gidana, inda zan dawo in same ki, in zauna kusa da ke har ya lafa.

Amma ki ji wannan da kyau, don shi ya fi damuna tun da na ɗauki alƙalami. Labarin Mahmuda ba toshi ba ne. Ban kawo shi don in sayi zuciyarki ba. Haƙƙinki ne, na tsince shi a hanya, na kawo maki. Ko kin ce in zo, ko kin ce in haƙura har abada, naki ne, kuma ranar da kika so ganin Hasana ni zan je in shaida wa uwarta, ko da a ranar matar wani ce ke. Ki yi kukanki, ki yi masa addu'a, ki ɗauki kwanakin da kike so. Ba zan matsa maki ba, ba zan aiko kowa ba. Na iya zama yanzu.

Ki gaishe mani da Baffa, ki ba shi haƙuri kafin in zo in durƙusa da kaina. Allah ya sanyaya zuciyarki, ya jiƙan wanda ya riga mu, ya raya yarinyar da ya bari a madadinsa.

Ni ne naki, yau da gobe da ranar da gashina zai yi fari kamar belbela, wanda ba zai kalli wata ba matuƙar yana numfashi,

Rabe.